Yadda Baba Ya Sallama Fuskarsa

Shekarar da aka ɗora min koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a Gumel, ban yi wata biyu ba na gaji da yadda 'yan aji suke kallona kamar mai allurar rigakafi. Sai na ce bari in ƙirƙiro musu wasa. Na samo kwalin taliya na ɓare shi, na zana hanya gida-gida daga Gumel zuwa kasuwar Maigatari. Ƙwallayen dabino suka zama awaki, marafan kwalba suka zama raƙuma. A jefa ɗan lido, a yi tafiya, a ja kati, a yi musayar dabbobi. Wadda ta isa kara, wato filin cinikin dabbobi, da garke mafi girma ita ta ci.

Ba zan yi ƙarya ba, dokokin ba daga kaina suka fito ba. A intanet na tsinci wani wasa na wasu mutanen ƙasar waje, waɗanda suka saki dokokinsu ga duk mai so. Ka ɗauka, ka canza, ka buga, ba ruwansu. Sharaɗinsu dai ka manna takardar lasisinsu a jikin naka, sannan ka faɗa ƙarara abin da ka sake wa jama'a da abin da ka riƙe wa kanka. Ni kuwa irin mutanen nan ce da suke karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshe, don haka na buga shafukan biyu a shagon fotokwafi, na zauna na mayar da su Hausa da biro.

Rabin shafin farko duk bayanin ma'anar kalmomi ne. Biyu ne suka shafe ni. Akwai abin da na fassara da sakakken abu: dokokin wasa, yadda ake tafiya, yadda ake ci, da duk abin da kati yake aikatawa. Wannan dole ya zama na kowa. Akwai kuma keɓaɓɓen abu: sunaye, fuskoki, zane, labarai, wurare da halittu. Waɗannan mai su yana iya riƙewa in ya rubuta cewa ya riƙe. Can ƙasa kuma aka ce duk abin da aka saki ya saku har abada, ba a janyewa.

Cikin katunan da na yi akwai guda ɗaya da na fi so, katin dillali. Mahaifina ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana dillancin raƙuma a Maigatari kafin gwiwoyi su zaunar da shi. An san shi da wani hali da ya hana mu arziki: yakan faɗa wa mai saye aibin dabba tun kafin mai sayen ya gano. Na zana fuskarsa a katin, da rawaninsa da dogon hancinsa da giɓin haƙorinsa na sama. A ƙasa na rubuta cewa duk wadda ta ajiye wannan kati, ba a iya cutar ta a musaya, dole abokiyar cinikinta ta buɗe duk abin da ke hannunta. A takardar da zan manna kuma na rubuta cewa fuskar dillali keɓaɓɓiya ce, na riƙe ta. Ban ga abin shawara a nan ba, ubana ne.

Mijina mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ya je gaishe da Baba, garin neman abin faɗa ya ce masa ai an sa shi a wasa, kuma an kulle shi da doka yadda ba mai taɓa shi. Shi a zatonsa albishir ya kai. Kwana biyu sai ga saƙo, Baba yana nema na ranar Asabar, in zo da takardar.

Tun daga ƙofar gida na san akwai magana, domin a zaure aka shimfiɗa min tabarma, ni da rabona da zama a zauren nan tun ina 'yar firamare. Baba yana jingine da bango ya miƙe ƙafa. A gefensa amininsa ne, Malam mai tsangayar bayan gidanmu, ya ɗora tabarau a karan hanci. Baba yana kira na Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min, amma ranar ko Uwatan a ciki ya faɗe shi. Ya ce ya ji an kulle shi, shi da ƙofar zaurensa ba ta taɓa sanin kwaɗo ba, yana so a karanta masa dalili.

Malam ya karɓi takardar da hannu biyu, ya juya ta gaba da baya. Ya tambaye ni wane ne mawallafinta, a wurin wa ya yi karatu, kuma ko tana da sharhi. Na ce lauyoyi ne suka rubuta, ban san malamansu ba. Ya girgiza kai, ya ce to a karanta a hankali. Haka muka yi ta kamar ɗaukar karatu a zaure, in ja layi ɗaya, ya ce na'am, ya tsayar da ni, ya yi wa Baba bayani, duk da cewa da Hausa na karanta kuma Baba yana zaune yana ji. Kafin mu gama sakin layi na farko ya yanke cewa abin ba aro ba ne tunda ba a mayarwa, ba kyauta ba ce tunda ba a san wanda aka ba ba, ya fi kama da waƙafi. Da muka zo jerin abubuwan da ake iya keɓewa, a asalin takardar har da tsafe-tsafe da dodanni, sai Malam ya nemi tsari, ya ce waɗannan kam sun kyauta da suka riƙe kayansu.

Raƙumi ne ya fara rikita zaman. A wasan akuya gida ɗaya take tafiya, raƙumi uku. Malam ya ce raƙumin nan a wane ɓangare yake. Na ce raƙumin halitta ne, ana iya keɓe shi, amma tafiyarsa ta gida uku doka ce, a sake take.

“Wato mutum yana iya ɗaukar tafiyar raƙumi ya bar raƙumin a tsaye?” in ji Malam.

“Yana iyawa, Malam. In ya so ma ya ɗora wa jaki.”

Baba mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana sa a zagaya da raƙumi don ya ga takunsa, bai taɓa jin an raba su ba. Can ya ce shi abin da ya sani a kara, in an sayar da dabba, mai ita igiyarsa yake kwancewa ya riƙe, dabba ta tafi. Su kuma waɗannan mutane dabbar suke riƙewa su bayar da tafiya. Malam ya ce kowace ƙasa da irin cinikinta.

Daga nan aka zo kan katin Baba. Na miƙa masa, ya nisanta shi da ido ya duba, ya ce na ƙara masa hanci. Sai ya tambaye ni, a cikin katin nan me na kulle.

“Fuskarka, Baba, da rawaninka.”

“Gaskiyar fa? Wannan da kika rubuta a ƙasa?”

“Ita aikin kati ce. Takardar ta ce dole ta zama ta kowa.”

Ban taɓa tunanin abin ta wannan fuska ba sai da na ji shi a bakina. Baba ya gyara zama. Ya ce wato kowa yana iya zuwa ya kwashi gaskiyarsa ya manna wa wanda ya ga dama, shi a bar shi da hanci da rawani. Na ce ba haka ba ne. Sai ya yi min karatun da ban nema ba. Ya ce dillali ba bakinsa ake saya ba, fuskarsa ake saya. In aka kai raƙumi gida ya kwanta ciwo, ko aka gano na sata ne, ba wanda yake tafiya neman gaskiya a kasuwa, fuskar da ta tsaya a cinikin ake nema, a zo ƙofar gidanta. Gaskiyar da ba ta da fuskar da za a komo wa ba ta da amfani ga kowa. Saboda haka ko dai a kulle su tare, ko a sake su tare. Na ce ba a iya kulle gaskiyar. Ya ce to shi kenan, a saki fuskar.

A nan raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci murya ce take fara tashi. Na ce masa in aka saki fuskar, kowa yana da ikon ya yi mata ƙaho, ya sa mata wutsiya, ya rubuta abin da ya so a ƙarƙashinta, kuma ba ranar janyewa. Na karanta masa layin har abada sau biyu. Malam ma, don Allah, ya goyi bayana, ya ce Alhaji a yi tunani, waƙafi ba ya dawowa. Baba ya ce shekara arba'in fuskarsa tana yawo a bakin mutane daga nan har Damagaram ba tare da takarda ba, bai ga abin da kwalin taliya zai yi mata ba.

Saura wa za a sallama wa. A wurin Baba ciniki ba ya faɗawa sai an kama hannu, ga shi ba mai saye. Malam ya ce a duba takarda, ba za a rasa ba. Aka duba, sai ga shi cikin ma'anonin an ce duk inda aka rubuta “kai”, ana nufin duk wani mutum da ya yi amfani da abin. Malam ya cire tabarau ya ce in haka ne ai duk wanda ya gifta ya isa. Ya leƙa waje, ya yi sa'a wani magidanci ɗan garuwa yana turo kurarsa, ya kira shi. Bawan Allah ya cire takalmi ya durƙusa, aka gaya masa shi ne wakilin mutanen duniya. Baba ya kama hannunsa ya girgiza, ya ce, “Na sallama.” Malam ya shafa fatiha. Ɗan garuwan ya shafa shi ma, sannan cikin ladabi ya tambaya me ya saya, kuma ko akwai wanda yake son ruwa.

Na koma Gumel ina huci, na soke layin da na rubuta, na sa cewa komai na wasan sakakke ne har da fuskar dillali. Na tura hotunansa a zauren malamai na waya, yadda na yi niyya tun farko.

Wata huɗu ko biyar ba abin da ya faru sai alheri. 'Yan ajina suka fara iya ninkawa da uku saboda raƙumi. Wata malama a Sule Tankarkar ta ɗauka ta mayar da dabbobin buhunan riɗi da zoɓo, ta bar dillali yadda yake. Da na nuna wa Baba hotonsa a tsakiyar buhuna, ya ce bai san kan riɗi ba amma zai yi ƙoƙari. Har na fara jin kunyar faɗan da na yi.

Sai wata rana wata abokiyar aikina ta turo min hoto, ta ce wannan ba babanki ba ne. Wasan ne, an buga shi da kala a takarda mai ƙyalli, wasu maza suna yi a kan benci a Gagarawa Tasha. Ga Baba, rawani fari tas, giɓin ma an gyara shi ya fito sosai. A ƙasa an rubuta cewa duk wanda ya ajiye katin dillali zai ci akuya ɗaya a wurin mai saye, ɗaya a wurin mai sayarwa, ba wanda ya isa ya yi magana.

Kwana biyu na yi ina bin takardar lasisin layi-layi ina neman inda mai wannan aiki ya karya sharaɗi. Bai karya ba. Ya manna lasisin a bayan kwali, ya rubuta cewa daga wasana ya ɗauka, ya saki nasa shi ma. A cikin ma'anonin, amfani da abu ya haɗa da canza shi. Ban taɓa jin haushin mutum don ya bi doka ba sai a kansa. Na yanke shawarar Baba ba zai ji ba, na kuma gargaɗi mijina. Ya yi ƙoƙari, ya riƙe har kwana tara.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce kawai in zo in raka shi Gagarawa. Na ce gwiwoyinsa, ya ce ai ba a kansu motar za ta bi ba.

Da hantsi muka isa. Rumfa ce a gefen tasha inda direbobi da 'yan kamasho suke jiran lodi. Ni na tsaya wajen wata mai awara, inda nake ji kuma nake gani. Baba ya dogara sandarsa ya yi sallama, aka amsa, aka matsa masa a benci saboda furfura. Ana cikin wasa wani direba mai ƙiba ya ja kati, ya dube shi, ya ɗago ya dubi Baba, ya sake duban katin. Ya zunguri na kusa da shi.

“Wallahi shi ne. Baba, ashe kai ne mai cin akuya biyu-biyu?”

Rumfar ta kwashe da dariya. Ba da mugunta suka yi ba, murna ma suke, kamar sun ga ɗan wasan talabijin. Wani har ya nemi su ɗauki hoto. Baba ya yi murmushi. Na girma ina jin manyan fatake suna cewa in Baba ya ce dabba lafiyarta ƙalau ba sa buɗe bakinta, yau ga shi ana tafa masa a kan cin amana. Na ji kamar in kifar da bencin, kuma na san da hannuna na zana hancin nan.

Aka kira wanda ya buga wasan, mai shagon fotokwafi ne a nan kusa, magidanci mai natsuwa. Da ya gane abin da ake ciki sai ya tsuguna har ƙasa. Ya rantse bai san fuskar mai rai ba ce, ya zaci zane ne kawai. Ya ce ya canza katin ne don direbobi sun ce wasan da ba macuci a ciki ba ya daɗi. Ya ce yau ɗin nan zai cire fuskar ya sa wata, sai dai waɗanda suka riga suka fita ba yadda zai yi da su, direbobi sun kai wasu garuruwa, wani ma ya tsallaka da shi Nijar.

Na buɗe baki zan ce a cire, Baba ya ɗaga min hannu. Ya tambaye ni a gaban kowa ko mutumin nan ya saɓa wani sharaɗi na takarda. Na ce bai saɓa ba. Ya ce to ba shi da laifi, ya tashi. Ya ce shi ya sallama a gaban shaidu, kuma bai taɓa sallama dabba ya bi ta gida ya kwance ba. In ya fara yau, abin da aka rubuta a katin ya zama gaskiya kenan. Mai shagon ya yi ta roƙo, Baba ya ce a bar fuskar inda take.

Sai ya ce a raba kati da shi.

Aka koya masa a gurguje, aka ba shi ƙwallayensa. Bai iya jefa ɗan lido ba, sau biyu yana faɗawa ƙarƙashin benci. Zagaye na uku katin dillali ya faɗo hannunsa. Direban nan mai ƙiba ya leƙa ya gani, ya ce Baba ajiye, ka ci wasa. Baba ya ɗaga cinyarsa ya sa katin a ƙarƙashi, ya zauna a kai. Aka yi ta zagayowa, ana ce masa ga dama, yana cewa a wuce. Aka tashi wasan yana da akuya ɗaya, shi ne na ƙarshe.

Ya ce a sake. A karo na biyu katin wurin wani ɗan kamasho ya je, sai Baba ya ba shi raƙumansa biyu, duk abin da ya mallaka, a kan ya ba shi katin. Doka ba ta hana ba, na duba. Ya karɓa ya zauna a kai. Haka a na uku. Da farko suna tsokanar sa, suna cewa dattijo ya kashe musu wasa. Daga baya dariyar ta ragu, har aka koma ba a jin komai sai ƙarar ɗan lido a kan kwali. Mota ta cika ana kiran direban mai ƙiba, bai tashi ba sai da aka gama. Wasa huɗu Baba ya yi, ya faɗi duka huɗun, ba a cuci kowa ba ko sau ɗaya. Da aka kira azahar ya zaro katin, ya goge shi da bakin riga, ya mayar cikin sauran, domin ba nasa ba ne.

A hanyar dawowa na zaci barci yake, don ya jingina kai da gilashi. Ni kuma ina ta shirya yadda zan ba shi haƙuri, kowace jimla na ɗauko sai in ga ba ta isa ba. Sai da muka fara hango gidajen Gumel ya yi magana, ba tare da ya juyo ba.

“Uwata, na nan dai na riƙe. Wanda ya tsallaka Nijar fa, wa zai riƙe min?”

Na ce ban sani ba, Baba.

Ya gyaɗa kai. Can ya ce in tambayar masa direban motar da muke ciki, a cikin garuruwan da aka kai wasan wanne ne ya fi kusa, kuma wace rana suka fi zama.